Muryar Bawa Makaɗi a Motar Haliru

Malam Haliru direba ne. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana jigilar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci ya leƙa Bungudu, garinsu na haihuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma ba ya iya tuƙi shiru. Kwali guda yake da shi na kaset a ƙarƙashin kujera, har ranar da rakodar motar ta tauna masa uku a jere ta mutu. Mai gyara ya ce kayanta sun daina zuwa.

Dole ta kai shi shagon Markus, mai sayar da kayan sauti a kasuwar Gusau. Markus ya jera masa na'urori uku, kowacce da kyar ta fi kwalin ashana.

"Wannan tana cin waƙa ɗari biyar," in ji Markus. "Ta tsakiyar sai motar zamani. Wannan baƙar kuwa, ko dubu goma ka zuba mata ba ta cika ba."

Haliru ya saki baki. "Dubu goma? Cikin wanga ɗan abu? Markus, ka ji tsoron Allah!"

Markus ya yi dariya, ya nuna masa yadda ake jona ta da sifikar mota, da inda za ta riƙa shan caji. Haliru ya juya ta, ya shafa maɓallanta, ya ji manya ne, zai iya latsawa ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. Ita ya zaɓa. Ya ce a cika masa ita da tsofaffin waƙoƙi, na noma da na dambe, ban da na yaran yanzu.

Kwana tara yana saurare bai ji waƙa ta maimaita kanta ba. Ran na goma da hantsi, ya baro Gusau da mota cike, sun kusa Tsafe, sai wata ganga ta tashi, sautin duk ya dusashe. Murya ta biyo baya.

Haliru ya taka birki da ƙarfi, motar ta yi gefen titi. Wata mata a baya ta ɗora hannu a ka tana salati, wasu suka fara leƙen daji.

"Direba, mi ka gani?" wani dattijo da ke gaba ya tambaya.

Haliru ya nuna sifika. "Babana ne."

Mahaifinsa Bawa makaɗin noma ne, mai yi wa manoma kiɗa a wurin gayya. Ya rasu Haliru yana ɗan shekara goma sha uku, ko hotonsa ba a bari ba. Yanzu ga shi yana zuga manoma ɗaya bayan ɗaya, har da tarin nan nasa na tsakiyar baiti. Can sai muryar ta ce, "Ina Haliru autana, kawo min ruwa."  Haliru ya tuna gonar, ya tuna butar. Dattijon ne ya karɓi tuƙin ya ƙarasa da su tasha.

Washegari ya koma shagon. Markus ma ya riƙe baki. Ya ce daga wani mai juya tsofaffin kaset ya kwaso waƙoƙin, shi ma a buhu ya saye su, babu suna a jiki.

Daga nan Haliru ya wuce Bungudu wurin yayarsa Balkisu. Bai yi mata bayani ba, ya kira ta bakin mota ya kunna. Tsintsiyar da ke hannunta ta faɗi. Ta dafa ƙofar motar, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Sake sawa," ta ce.

A karo na uku ta ɗaga hannu. "Tsaya! Ka ji guɗar can? Wallahi Inna ce."

Shi bai ma lura da guɗar ba. Suka zauna har la'asar, maƙwabta suna shigowa, tsofaffi suna gane sunayen iyayensu a cikin waƙar. Da zai tafi, Balkisu ta zare na'urar ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce wannan na'ura kam ba za ta sake barin gidan ba. Bai yi musu ba. Da safe ya aiko mata da ƙaramar sifika, shi kuma ya sayi wata na'urar irin ta farko, ya sa Markus ya fara zuba masa waccan waƙar kafin kowace.