Jirgin Surukina da Ɓerayen Gidana

Shekarun baya, lokacin Jigawa tana sabuwar jiha, ina jan motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Surukina kuwa mai fito ne a wajen Maruta. Da damina idan kogi ya kawo, kwale-kwalensa ne ke ƙetarar da mutane zuwa kasuwa, kuma da shi kaɗai yake ciyar da gidansa.

Wani rani aka tafi da shi Kano za a yi masa aikin ido. Kafin ya hau mota ya ce mini, "Ɗana, in ka samu sarari ka dinga leƙa mini jirgin nan." Ni da nake ta neman hanyar burge suruki, caraf na ce, "An gama, Baba."

Da na je, kogi ya janye sai yashi, sai wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. A cikin gurbin nan na hango jirgin a nutse, an cika shi da duwatsu. Raina ya yi mugun ɓaci. Wato daga juya bayan dattijo har an yi masa wannan mugunta? Na tattaro abokaina direbobi, muka yi ta nishi har muka jawo shi tudu, muka ɗora a babbar mota sai gidana a Gwaram. Na sa shi a rumfa kusa da buhunan gero, na lulluɓe shi da tamfol yadda nake yi wa motata. Matata tana gidansu wankan jego, kuma ban aika mata ba, don so nake kowa ya ga abin mamaki.

Ba a jima ba na fara jin motsi a ƙarƙashin tamfol. Ina ɗagawa, ɓeraye suka watse ta ko'ina. Ashe tsagar katakon jirgi da tsumma ake toshe ta, a jiƙa shi da man kaɗanya. Ga inuwa, ga gero a gefe, ga tsumma mai maiƙo, ai ni da kaina na buɗe musu masauki. Sun zare tsumman nan sun yi sheƙa da shi, har ana hango ƙasa ta cikin jirgin.

Na ɗana tarko, ya kama babban yatsan ƙafata. Na aro kyanwar maƙwabta, ta ga wuri mai sanyi ta haihu a ciki. Na turara barkono, unguwa ta ɗauki atishawa, har maƙwabcina malamin Islamiyya ya leƙo ta katanga idonsa jajawur, ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ɗalibaina sun kasa karatu."

Ranar da matata ta dawo da jariri a baya, tana shigowa ta yi turus. "Innalillahi! Wa ya fito da jirgin Baba daga ruwa?" Na ce ni ne na ceto shi. Ta yi ta dariya har sai da ta zauna a kan turmi. "Haba maigida! Ai shi ya nutsar da abinsa da hannunsa. Kowane rani haka yake yi. A cikin ruwa katako ba ya tsagewa, ɓera kuma ba ya isa gare shi."

Hadari ya fara haɗuwa, in jirgin nan yana yoyo bana Baba ba shi da abin ci, ni kuma da wane ido zan dube shi? Allah ya taimake ni, matata a gindin jirgin ta tashi. Ta nemo tsumma da man kaɗanya, ta bi tsaga ɗaya bayan ɗaya tana dannawa da bakin wuƙa, ni kuma ina miƙo mata kaya ina jijjiga jariri. Muka mayar da jirgin gurbinsa, muka danne shi yadda na same shi.

Baba ya dawo idonsa tas. Da kogi ya kawo, ya sa aka ɗago jirgin, ya daɗe yana shafa katakon. Can ya ce, "Ɗana, shiga. Kai za mu fara ƙetarwa." Ni da ban iya ruwa ba! Na ƙanƙame gefen jirgi, idona a ƙasa, duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Ko ɗigo bai shigo ba.

Da muka kai gaci ya ce, "Toshiyar nan hannun 'yata ce, na gane ta. Sai dai an ce mini ɓerayen Gwaram sun yi ƙiba bana." Masu jiran fito suka kwashe da dariya, shi ma har da share hawaye. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka ji."

Tun daga nan, in aka ba ni ajiya sai na tambayi mai ita kafin in gyara komai. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba har ya bar duniya. Sai dai duk rani in zai nutsar da jirgin, yakan aiko a kira ni in gani da idona, wai kada in sake ceto shi. Wallahi ina kewar wannan aike.