Malam Juya da Takardar da Aka Yi wa Walda

A sakandaren da ke bayan tashar mota, in ka ce kana neman mai kula da laburare, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Malam Juya, ko akuyar da ke cin takardu a bakin ƙofa za ta raka ka ɗakinsa.

Laburaren dai suna ne kawai. Kanta uku ce, da ƙamus ɗaya wanda gara ta karance rabinsa, da kwamfuta guda da ba ta farkawa sai an mare ta. Wata ƙungiya ta taɓa zuwa da ƙyalle mai rubutun taimaka wa 'ya'yan talakawa su shiga jami'a, aka ɗauki hoto da shugaban makaranta, aka sha lemo, aka watse. Ƙyallen yanzu shi ne labulen taga. Aikin da ke rubuce a jikinsa kuwa ya faɗo kan Malam Juya, wanda shi kansa bai taɓa zama a ajin jami'a ba.

Shekara ashirin da biyu yana wannan fama. Yaransa 'ya'yan masu tura baro ne da masu wanki da masu gadi, waɗanda kaf danginsu ba wanda ya taɓa cika fom. Shi ke koya musu farawa da fensir kafin biro. Shi ke hana su zaɓen likitanci su duka arba'in. In kuma aka zo wasiƙar neman tallafin karatu, sai ya tsare su da ido.

"Kada ka kashe ubanka a takarda," in ji shi. "Ɗazu na wuce shi yana facin taya."

Sunan kuwa daga hannunsa ya samo asali. Duk takardar da aka miƙa masa, kafin ya karanta gabanta sai ya juya bayanta, ko katin gayyata ne, ko takardar magani. Yara na kwaikwayonsa a bayan idonsa. Ya sani, bai damu ba, tunda masu kwaikwayon ma juyawa suke yi.

A shekarar da nake ba ku labari, idonsa na kan Auta, 'yar mai walda. Yayyenta biyar duk a aji uku suka ajiye biro. Ita kuwa lissafi take sha kamar ruwa, injiniya take so ta zama. Da takardun samun gurbi suka fara isowa, kowa ya kawo tasa aka juya. A bayan kowacce akwai wurin sa hannu na ɗalibi da na uba, a mayar cikin kwana goma, in ba haka ba a ba wani. Auta shiru, ba ta ko leƙo makaranta. Sai a rana ta tara ta shigo, bakinta har kunne.

"Malam, na samu. Baƙi ne suka hana ni fitowa."

"Alhamdu lillahi. Ina takardar?"

"Tana bango. Wurin aikin Baba aka kai ta, kafin in gani ya riga ya sa ta a gilashi."

Malam Juya ya miƙe zumbur. Ko hularsa bai ɗauka ba, ya ce ta wuce gaba.

Abin da ya tarar a falon gidansu ya fi ƙarfin a kira shi firam. Mai walda ya yanko ƙarfen da ake ƙofar shago da shi, ya sa gilashi mai kauri, ya toshe bayan da farantin ƙarfe, ya bi kusurwa huɗu da walda, sannan ya kafe shi a bango da ƙusoshi shida. Har fure ya lanƙwasa a samansa. Ga shi tsaye a gefe, ƙirji a buɗe.

"Malam, ka ga aiki? Ko ɓarawo ya zo da guduma sai dai ya koma da gumi."

"Baban Auta, aiki ya yi kyau. A buɗe shi."

Fuskar mai walda ta canja. Malam ya yi masa bayanin sa hannu da kwana goma, ya ce gobe ce rana ta ƙarshe. Mutumin ya girgiza kai. Ai gaban takardar ya ce an ɗauke ta, wani mai shago ya karanta masa har sau biyu. Unguwa kaf ta zo ta gani, har da maƙwabcin da ya ce karatun mace asara ne. Yanzu ya sauke, a ce dama ƙarya ce?

"Ku 'yan boko ba kwa gajiya da takarda," ya ce. "An ba mu, mun karɓa, mun gode. Sai me kuma?"

Auta ta fara share ido da bakin mayafi. Malam Juya ya ce ta je ta kawo masa ruwa. Da ta fita, ya zauna a hannun kujera, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Tawa takardar ma tana bango. Shekara talatin ke nan. Babana kafinta ne, katakon da ya fi so ya sa mata. Bayan wata biyu na ɗauki akwati na tafi jami'ar, akawu ya duba littafi ya ce an ba wani gurbina, tunda ban mayar da amsa ba. Ya ce ai a bayan takardar aka rubuta."

"Me ka ce wa tsohon?"

"Na ce na fasa ne. Har ya rasu bai sani ba."

Mai walda ya daɗe yana kallon furen da ya lanƙwasa. Sai ya fita ya dawo da zarton ƙarfe. Ya ce injin yanka na feshin wuta, zai iya ƙona takardar. Awa guda yana gurzawa yana tsine wa ingancin aikinsa, zarto biyu suka karye. Da farantin ya faɗi, ya ciro takardar da yatsu biyu ya miƙa wa Malam. Malam ya miƙa wa Auta.

"Juya," ya ce.

Ta sa hannu. Uban bai iya rubutu ba, aka shafa masa tawada ya dangwala babban yatsa, ya danna kamar zai huda teburin. Washegari da sassafe shi da kansa ya raka ta ofishin jami'a, sanye da rigar fita. Kwafi aka mayar cikin ƙarfen, mai walda yana ta ƙorafin wai wannan ba ta gaske ba ce. Malam ya ce ta gasken tana da aikin yi.

A ranar, da la'asar, Malam Juya ya biya ɗakin mahaifiyarsa kamar kullum. Ya tarar ta yi baƙuwa, tana nuna mata firam ɗin da ke bango da sandarta.

"Har gida suka aiko masa," in ji Inna. "Shi ne ya ce ba zai tafi ya bar mu ba."

Baƙuwar ta sa masa albarka, ya amsa kansa a ƙasa. Inna ta ce firam ɗin ya karkace tun safe, ya gyara mata. Ya miƙe, ya kama katakon babansa da hannu biyu, ya daidaita, ya goge ƙurar gilashin da hannun riga. Takardar ta yi ja, amma sunansa na nan raɗau. Har yau bai taɓa ganin bayanta ba.

"Ya yi haka, Inna?"

"Ɗan ƙara dama kaɗan," ta ce.