Tambayar da ta kai ni Lambara

Shekarun baya, zamanin tsuke bakin aljihu, ina koyar da lissafi a wata firamare kusa da Sifawa, sai labari ya zo cewa za a rage malamai. Mu sababbin ɗauka ne a sahun gaba. Matata na da tsohon ciki, gero kuma bai yi kyau ba a shekarar.

Hedimastanmu ya ce in bi shi Sakkwato mu roƙi arziki. A ofishin kula da ma'aikata aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar randa, ga wata na'ura da aka ce bayanan malamai duk suna cikinta. Ni da ban taɓa ganin kwamfuta ba, na tuɓe takalma a bakin ƙofa, saura kaɗan in yi mata sallama.

Shugaban ofishin ya ce wa hedimasta, "Malam, sai haƙuri. Mun tambayi na'ura waɗanda aka ɗauka daga baya, ta fiddo su. Wanga yaro naka yana ciki."

Wata ma'aikaciya da ba ta daɗe da dawowa daga kwas ba ta ɗago kai. "Ranka shi daɗe, abin da aka tambaye ta shi ta amsa. A bar ni in tambaye ta inda babu malamai."

Ya ce ta gwada. Yatsunta suka hau aiki, koren rubutu yana ta hawa allon. Ta haɗa yawan yara da fannin kowane malami, makaranta bayan makaranta. Sai ga shi cikin garin Bodinga malamai sun yi cunkoso, Mandera da Lambara kuwa azuzuwa cike, babu mai koyar da lissafi. Ƙauyukan da ma'aikaciyar ba ta taɓa takawa ba, ga su a gabanta.

Shugaban ya cire tabarau. "Ashe rabon ne bai yi daidai ba." Ya dube ni. "Kana iya zaman ƙauye?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko tsakiyar gonar albasa aka kafa allo, ina zuwa."

Ba kowa ya tsira ba, amma da yawanmu canjin wurin aiki aka yi mana maimakon sallama. A Lambara aka haifi 'yata.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Na'ura ɗaya, bayanai ɗaya: da safe ta kore ni, kafin azahar ta ba ni aji. Hannun da ya taɓa ta ne kawai ya sauya. Ita kuwa matar, ko sunanta ban tambaya ba.