Ragon Inna da Ciyawar Roba

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shekarar da yayana ya shimfiɗa ciyawar roba a gidansa na Dutse ba.

Da can tsakar gidan nan ciyawar kirikiri ce kwance, ga darbejiya a tsakiya, yara na ta birgima a inuwa. Sai ya je taro Abuja ya dawo mana da sabon iyayi. Wai ciyawar Allah ƙauyanci ce, da damina caɓi, da rani ta bushe. Ya sa aka tuge ta, aka sare darbejiyar don kada ganye ya ɓata masa shimfiɗa. "Yanzu yarana za su yi wasa rani da damina," in ji shi. Wasa fa! Rana na take, robar nan sai ta ɗau zafi kamar tanda. Autansa ya taka sau ɗaya ya kwasa da ihu, daga nan yara suka koma wasa a ɗaki.

Gab da Babbar Sallah, Innarmu ta iso daga Kiyawa da ragon da ta shekara tana kiwo da hannunta, layyarta ta farko tun rasuwar Baba. Ta ce a ɗaure shi a bayan gida. Yaya ya ce ina, a kan ciyawarsa za a ɗaure, hoto zai fi fita.

Na ce, "Yaya, dabba fa ba ta san roba ba."

Ya ce, "Ke kin cika ƙauyanci. Rago ma ya san abu mai tsada."

Ai kuwa ya sani. Ya yi ta tsinka yana haɗiya. Ranar jajibiri ciki ya kumbura tim, ya kwanta yana nishi. Dole aka sa masa wuƙa kafin ya zama mushe, ga shi ba a sauko idi ba, ya tashi daga layya ya koma naman miya. Da mahauci ya farke tumbi, sai ga koren zare cunkus. Wallahi raina ya ɓaci.

Yaya na sosa ƙeya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan sayo miki wanda ya fi shi."

Ta dube shi ta ce, "To ɗan nan, ka haɗo min da shekarar da na yi ina dama masa dusa."

Tun ranar, in na ga abu kore shar rani da damina bai taɓa yin yaushi ba, sai na fara tambaya ko yana da rai.