Program ɗin Madam ya cinye awon ruwan Bibémi

'Yan uwa, har yanzu hannuna rawa yake!

Madam da nake koyon aiki a bironta ta ce in saka awon ruwan saman Bibémi na bana a tsohon program ɗinta na Fortran, ya yi lissafi. Na danna. Na koma duba awon, wallahi duk lambobin sun canza!

Na ce, "Madam, aljani ne?"

Ta dafe kai. "A kan abin da kika ba shi yake rubuta amsarsa. Kin yi kwafi?"

"Ai ba ki ce ba."

"Innalillahi!"

Awon asali yana hannun manoman can. Gobe ni za a tura Bibémi, in bi su gona-gona. Na gaji tun ban tafi ba.