Goron da Baba ba ya ci sai kowa ya yi magana

Jiya jikata ta ɓare mini goro, ƙamshin ya ɗauke ni ya kai ni gindin tsamiyar bakin kogi a Gaya, zamanin Nasara. Can Baba, wan mahaifina, yake zama in unguwa ta taru shawara. Yakan riƙe goro a tafin hannu, ba ya kai shi baki sai kowa ya faɗi tasa.

Wata rana da la'asar Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya aiko a mayar da kasuwar kifi kan tudu, nesa da ruwa. Maza suka amince, har an fara neman takalma. Mu mata muna baya, zannuwanmu na warin hayaƙin banda. Ina jin kwale-kwale na gogar juna, hasken ruwa yana rawa a farar rigar Baba.

Baba ya dubi goronsa ya ce, "Da saura. Masu ɗaukar kifin a ka ba su ce komai ba." Ya juyo. "'Yata, me kika gani?"

Na ce, "Baba, kafin mu hau tudun nan da rana, kifi ya lalace."

Maza suka koma suka zauna. Amsar da aka kai wa Kumandan tawa ce, kasuwa kuma ta tsaya wurinta. Sai a lokacin na ji ƙarar goro a haƙoransa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya saurare shi yadda ya saurare mu.