Mma Damata, Wadda Ta Koya wa 'Ya'yanmu Ɗaga Ido

Kafin a kira assalatu Mma Damata ta riga ta yi wanka. Tana idar da sallar asuba sai titi, ta kama trotro, motar haya, daga Maamobi zuwa Circle, daga can ta nemi motar Tema. Shekara talatin da ɗaya tana wannan sintiri, tana sakatariya a wani kamfanin jiragen ruwa na Turai mai rassa a ƙasashe da dama. Kujerar da ta fara da ita, a kanta ta gama. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya, amma har yau ba ta iya zama ba. Sai ta leƙa ƙofar gida, ta dawo, ta ɗauki waya, ta ajiye.

Akwai dalilin da ya sa ba ta taɓa yin gaba ba, kuma ba rashin iya aiki ba ne. A shekararta ta bakwai aka nemi shugaban sashe. Ta shiga gaban manya uku, ta yi abin da uwarta ta koya mata: kai a sunkuye, ido a ƙasa, in an yaba mata ta ce aikin kowa ne. Washegari Baturen manajan ya miƙo mata wata takarda ta buga masa, bai ko tuna wa ke ciki ba. Ga abin da ya rubuta: "Tana da ƙwazo, amma ba ta kallon mutum a ido. Ko tsoro ne, ko tana ɓoye wani abu. Ba za ta iya shugabanci ba." Da yatsunta ta buga shi, babu kuskure ko ɗaya.

Da wata ce, da ta zauna tana tsine wa Turawa. Ita tsakar gidanta ta share. Tun daga lokacin, kowace Asabar da hantsi, duk 'yar Zango mai neman aiki ko ƙarin girma a manyan kamfanoni can take nufa. A kafa tebur, a zaunar da Alhaji Issaka, tsohon direban tirela, mutumin da ko jikokinsa ba sa wasa a gabansa. Shi ne manajan gwaji. Wadda ta iya haɗa ido da shi, babu Baturen da zai firgita ta.

Bana wadda ta hana Mma sukuni ita ce Zakiya, 'yar Azara mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Nima, injiniya a wata masana'antar abinci ta ƙasar waje. Sau biyu tana neman shugabancin sashenta, sau biyu ana bai wa waɗanda ita ta koya wa aiki. Ta rantse in aka tsallake ta karo na uku, za ta ajiye aikin ta kama rumfa a kasuwar Tudu.

Asabar ɗin farko Alhaji ya ɗaure fuska, ya ce, "Ke, me kika taɓa tsinana wa kamfanin nan?" Sai ga Zakiya ta zame daga kujera za ta durƙusa.

Mma ta buga ludayi a kan tire. "Tashi! Me kika yar a ƙasan? Ƙasa ce za ta ba ki matsayin?"

"Mma, sa'an kakana ne fa. Idona ba zai iya ba ko kaɗan, kraa."

"Kalle ni, 'yata," in ji Alhaji. "Shekara arba'in Hajiyata tana kallon fuskar nan, har yau tana cin tuwonta."

Asabar ta uku Azara ta zo da kanta, ko hannu ba ta wanke ba. "Mma, fitsara kike koya wa yarinyata?"

"Azara, in mai saye ya ce waakyenki kwantai ne, kai kike sunkuyarwa?"

"Ni? Sai na zare masa ido har ya ƙara da ƙwai!"

"To ofis ma kasuwa ce. Ki bar ta ta kare hajarta."

Ni da ke wannan rubutu ina cikin masu ƙorafi da farko, kuma har gobe ban ce kunya laifi ba ce. Laifin namu ne da muka koya wa yara kunya, ba mu koya musu inda ake ajiye ta ba.

Alhamis ɗin da ta wuce aka kira Zakiya gaban manya. Mma tana can Tema tana kwashe kayan teburinta, don zullumi ta sa abu ɗaya a cikin jaka ta fito da shi sau uku. A ɗakin ganawar kuwa, ɗaya daga cikin manyan ya yabi shugaban Zakiya kan gyaran wani injin da ya daɗe yana ɓata musu kaya. Zakiya ta ce wuyanta ya fara lanƙwasa da kansa. Sai ta tuna ƙarar ludayi. Ta ɗago, ta dube shi, ta ce ita ta yi gyaran, ta faɗi rana da wata da yadda ta yi.

Jiya Asabar Zakiya ta shigo tsakar gidan da takardar ƙarin girma, ta zube ƙasa, ido a sunkuye. Mma ta ce, "Yauwa. Nan ne wurinsa." Sannan ta nuna kujerar manaja. "Tashi ki hau. Gwiwar Alhaji ta gaji, ga yara uku suna jira."

Ke ce tsanin da aka taka, Mma Damata, ba ki hau ba, ba ki kuma janye ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutun da kika ƙi karɓa. Ku kuma da kuka hau kuka tare a manyan unguwanni, kuka mance lambar trotron Maamobi, ba hoto da jawabi a otal muke nema daga gare ku ba. Tebur ne, da kujera biyu, da hantsin Asabar. Kun san gidan.